Jar Motar Gonar Aƙiƙ

Na daɗe da sanin abin da kuke faɗa a kan mahaifinku, ke 'yar fari da ba zan kama sunanki ba, da kai Usman. Zuwanku Kano na ƙarshe kun zauna a tsakar gida kuna ta hira da Larabci, kun ɗauka ya fi ƙarfin kunnena, alhali tun ba ku iya wanke hancinku ba nake taya tumatir da shi a kasuwar Madina. Na ji kuna cewa mota ce ta haukata shi, ya fifita ƙarfe a kan iyalinsa har ya halaka kansa. Ban tanka ba a ranar, don alkawari na ɗaukar masa. Amma yanzu ido ya fara gajiya, hannu ma yana rawa, kuma ba zan yarda in bi shi ƙasa in bar ku da wannan magana a baki ba. In karatun ya gagare ku ku nemi mai karanta muku, tunda Hausar taku ta kunne ce kawai.

Mahaifinku mai gyaran jikin mota ne tun yana Kano, abin da a Madina ake kira samkari. Guduma ce sana'arsa, sai fenti. Wani dattijo Balarabe, Abu Majid, shi ya ɗauko shi aiki a warsharsa ta gyaran mota ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, daga baya ni ma aka ɗauko ni. A unguwar Bani Harisa muka kama gida, a can na haife ku. Duk kun san wannan. Abin da ba ku taɓa tsayawa kun auna ba shi ne, zamanmu kaf a garin nan a jikin iƙamar mutum ɗaya, wato takardar izinin zaman mahaifinku, yake rataye. Ranar da kafili ya ce aiki ya ƙare, ranar duk muka zama baƙin da za a raka filin jirgi, ko da kuwa a asibitin garin aka yanke muku cibi.

Motar ta yayan Abu Majid ce. Lokacin da kuɗin mai ya fara shiga hannun mutane aka tura shi karatu Italiya, ya dawo ba wata takardar kirki sai wannan mota a jirgin ruwa. A tashar Yanbu aka sauke ta, ya tuƙo abarsa har Madina, mutanen ƙauyuka na fitowa bakin hanya kallo. Ja ce, kujera biyu kacal, doguwar gaba, ga ta ƙasa-ƙasa har in ka tsaya kusa da ita rufinta bai kai maka ƙirji ba, ƙafafunta kuma da wayoyi kamar na keke. Bai daɗe yana morarta ba zazzaɓi ya ɗauke shi yana saurayi. Ubansu ya ce kada wanda ya ƙara taɓa ta, aka tura ta ɗakin ajiyar dabino a gonarsu ta kwarin Aƙiƙ aka datse. Wata shekara kwarin ya kawo ruwa, laka ta cika ɗakin har sitiyari, ta bushe a haka ba wanda ya leƙa. Sai da Abu Majid ya tsufa, waɗanda suka san yayan nasa suka ƙare, sannan ya sa aka fasa kwaɗon, ya kira mahaifinku.

"Ya mu'allim, za ta tashi?"

"In Allah ya so za ta tashi, ya ammi. Amma ba bana ba, ba baɗi ba."

"Ni ma ba sauri nake ba. So nake in ji kukanta sau ɗaya kafin in bi mai ita."

Da shebur aka fara aikin. Sai da ya kwashe laka, ya kwashe ƙwallayen dabinon da ɓeraye suka tara a cikin inji, sannan ya ga abin da ya rage. Ƙarafan ƙasa duk tsatsa ta cinye, sai ya yanka sabbi ya ɗora ɗaya bayan ɗaya. Jikin kuwa na alminiyam ne, kuma ba inji ya buga shi ba, hannun mutum ne. Wata rana ya dawo gida yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir, ya ce mini ya leƙa bayan murfin ƙofa ya ga sawun guduma, kuma wanda ya ƙera gefen hagu bahago ne. Na ce to sai ka aika masa da goro. Ya ce ai ya daɗe da mutuwa, amma duk inda ya sa tasa gudumar sai ya tarar mutumin ya riga shi tunani. An kai injin wa wani makanike a Yanbu, ana jiran kaya daga Italiya wata da watanni. Ni ma ban tsira ba, don ni na ɗinka fatar kujerun. Keken da nake ɗinka wa matan unguwa abaya ya yi ta karya allura har na haƙura na koma basilla, yatsuna suka yi kanta. Ba zan ɓoye muku ba, yana son motar nan. In yana maganarta har abinci yake bari ya huce, ni kuma in yi ta masifa.

Shekaru aka yi a haka, da safe warsha, da yamma gona. Ranar da injin ya tashi, mahaifinku ya ce dattijon nan yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin dabino, ya rufe fuska da gefen mayafinsa yana kuka kamar yaro. Bai cika wata biyu ba bayan haka ya rasu. Ana tashi daga zaman ta'aziyya ɗansa Majid ya kira mahaifinku. Majid ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai, kuma bai taɓa ganin baffan nasa mai motar ba.

"Isma', saurara, ya mu'allim. Ni ba ni da lokacin warsha. Fenti kaɗai ya rage wa motar nan, kuma na sami mai saye a Kuwait. Ka gama, in rufe wurin, in yi maka huruj ka je ƙasarku ka huta. Ka yi wa babana hidima, Allah ya saka."

Huruj ɗin nan fita ce ta ƙarshe, ba dawowa. Ke 'yar fari a lokacin kina ɗakin mijinki, kina ƙarƙashin iƙamarsa, ba mu da fargabarki. Kai ne, Usman. Saura maka shekara guda ka gama makarantar koyon aikin lantarki, kuma akwai kamfani a Yanbu da ke ɗaukar waɗanda suka gama, ya mayar da kafalarsu kansa. In muka fita kafin nan, da kai za mu fita, ba takarda ba sana'a, zuwa ƙasar da sau ɗaya ka taɓa takawa kana goye. Mahaifinku kuwa ya haura sittin, ba kafilin da zai karɓi tsoho. Da ya dawo ya tarar da ni ina tsinke ganyen molohiya a kicin, ya gaya mini.

"Malam, fentin nan zai ɗauke ka kamar yaushe?"

"In don fenti ne, wata ɗaya ma ya yi yawa."

"To yaron fa?"

"Fenti ai sai mai yin sa ya ce ya yi kyau. Ni kuwa ba zan ga kyansa ba sai Usman ya karɓi takardarsa."

Nan take ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya maka ba. Ya san halinka sarai, don nasa ne ka ɗauko. Da ka ji, makarantar za ka watsar ka shiga neman aiki a ɓoye, a kama ka wata rana a bakin titi a tura ka gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, daga can sai jirgi. Na yi alkawarin ban san abin da nake sa hannu a kai ba.

Ku da ba ku taɓa shiga ɗakin fenti ba, bari in gaya muku yadda yake. Mota irin wannan ba a fesa ta a fili, don ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka a kan ɗanyen fenti ta ɓata shi. Sai ya liƙe ɗakin dabinon nan da leda, tagogi da ƙofa da duk wata kafa, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ba fanka ba komai. A zafin Madina, wanda ko kyanwa ba ta fita da rana. Fentin kuma irin na zamani ne da ake haɗa shi da wani ruwa mai sa shi ƙarfi, warinsa kaɗai yana sa hawaye. Ya naɗe hanci da rawani ya shiga ya rufe. Kuma ba zai iya yin ƙarya ya zauna kawai ba, don duk Alhamis Majid na zuwa duba aiki, dole ya tarar da sabon fenti a jiki da gwangwanayen da aka buɗe. Sai ya fesa da gaske, ya bari ya bushe, ya nuna wa Majid wani aibi, ya goge da samfefa, ya sake fesawa.

Abin da muka dogara da shi madara ce. Duk mai fenti da mai walda a Kano ya san wannan: in ka tashi aiki ka sha madarar gwangwani, za ta wanke maka ƙirji. Haka maigidansa ya koya masa yana yaro, haka shi ma ya koya wa wasu. Kullum da yamma ina ajiye masa gwangwani biyu a firij, ya huda da ƙusa ya ɗaga kai ya shanye, ya ce alhamdu lillahi, dafin ya sauka. Ni ma na yarda da haka ɗari bisa ɗari. A da yana fesa mota a filin warsha iska na kwashewa, shi ya sa madarar ta yi ta cin suna a banza shekara da shekaru.

Ranar da na kai kujerun motar can gona na ga abin da idona. Ya zare ledar ƙofa ya ce in leƙa. Wallahi ban taɓa ganin ja irin wannan ba, har fuskata na gani a jikin ƙofar motar, da zanen gyalena. Na ce Malam ai ta gama. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuya ya ɗebi ƙasa da yatsa biyu ya barbaɗa a kan murfin inji, inda fentin bai gama bushewa ba. Mutumin da ya shekara arba'in bai taɓa barin mota ta fita hannunsa da tabo ba. Da Majid ya zo ya nuna masa wurin ya ce ƙura ta shigo, sai an sake. Majid ya yi tsaki, amma yana son farashi mai kyau, ya ce a sake.

Kafin azumi tarin ya fara. Da farko da asuba kawai, daga baya har a cikin salla, sai ya dafa bango kafin ya miƙe daga sujada. Matakalar gidanmu da yake hawa da buhun shinkafa a kafaɗa ta koma sai ya huta a tsakiya. Na matsa masa muka je wurin Dakta Bashir, ɗan Zariya, da ke aiki a wani asibiti a garin. Ya ɗauki hoton ƙirji, ya sa shi hura wani bututu, ya tambaye shi aikinsa. Mahaifinku ya ce ai yana kiyayewa, bai taɓa fashin madara ba. Likitan ya cire tabarau ya ajiye.

"Baba, madara ciki take tafiya. Fenti huhu yake tafiya. Hanyarsu ma ba ɗaya ba ce."

"To duk mutanenmu fa da suke sha?"

"Ina tsofaffinsu, Baba? Ka lissafa mini masu fenti nawa ka sani da suka yi furfura suna numfashi daidai. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma in ka daina yau za ka iya rayuwa da sauran. In ka koma ɗakin nan, ni ba ni da abin da zan yi maka."

A hanyar gida ban iya riƙe kaina ba. Na ce mu tafi, Malam, mu tattara mu koma, yaron nan ba zai mutu don ya zauna a Kano ba, mutane miliyan nawa ke zaune a can. Na yi kuka, na yi faɗa, har na ce masa in ya kashe kansa ba zan yafe ba. Ya bari na gama tas.

"Bilki, ni na kawo shi duniya a ƙasar da ba tasa ba, ban kuma koya masa tawa ba. Ko kuɗin mota bai iya tambaya da Hausa ba. In na sauke shi a Kano hannu wofi, me na yi masa? Saura kaɗan. Ki ci gaba da sayen madarar, kada ya ga an daina ya yi tambaya."

Na ci gaba da saye. Ya ci gaba da hudawa yana sha a gabanka, mu biyu mun san ruwan banza ne. Ya sayi abin rufe hanci na roba da likita ya ce, amma ƙirjin ya riga ya ƙuntata, in ya sa shi a cikin zafin nan sai ya ji kamar an shaƙe shi, sai ya cire ya koma rawaninsa. Na tsani motar nan a watannin nan fiye da yadda na taɓa tsanar wani abu mai rai.

Bayan hajji haƙurin Majid ya ƙare. Ya ce mai saye na barazanar fasawa, don haka ranar Asabar zai kawo wani mai fenti daga Jidda ya duba, in ya ce ta yi, to ta yi. Kowane mai ido zai ce ta yi. A lokacin kai kuma ka gama jarrabawa, amma takardar ba ta fito ba, balle a yi maganar Yanbu. Sai mahaifinku ya shiga ɗakin ranar Alhamis da yamma da Juma'a bayan masallaci, ya zuba wa motar ruwan cire fenti, ya kankare ta tas har farin ƙarfe. Aikin wata da watanni ya tattara shi a bokiti. Mutumin Jidda ya zo ya ga tsirarar alminiyam bugun hannu, ya ce shi ba zai taɓa ba, wanda ya fara shi zai gama. Majid ya yi ta ihu har ma'aikatan gona suka taru, ya kira shi majnun, ya ce tsufa ya taɓa masa kai. Mahaifinku ya sunkuyar da kai ya ce an sami kumburi a ƙarƙashin fentin ne.

Kai ka je ɗauko shi ranar, Usman, don ya kasa tuƙi. Ka ga motar, ka ga jini a gefen rawaninsa. Kun shigo gida ina zuba abinci, ka tsaya a kansa kana huci.

"Ya abuya, haram alek! Hadi sayyara! Mota ce, ƙarfe! Jiya tana da kyau, yau ka ɓata. Kana mutuwa, ummi tana kuka kullum, kai ba ka gani sai sayyara. Halas, ni na gaji."

"Zauna ka ci abinci."

"Ma abga, ba na so. Ka je ka ci da ita."

Ka buga ƙofa ka fita. Na buɗe baki zan kira ka in faɗi komai, ya kama gefen zanena ya riƙe. Bai iya magana ba saboda tari, kai kawai yake girgiza mini. Tun daga ranar ba ka ƙara zama cin abinci da shi a faranti ɗaya ba, kuma yana lura.

Sake ginin fentin daga farin ƙarfe ya ci watannin da ake bukata, ya kuma ci abin da ya rage na ƙirjinsa. Takardarka ta fito, kamfanin Yanbu ya kira ka, aka mayar da kafalarka. Ranar da ka aiko wa yayarka saƙo cewa sabuwar iƙama ta fito, ita ta gaya mana, don kai ba ka kira shi ba. Washegari ya shiga ɗakin ya yi fesawar ƙarshe. Ya ce mini yana yin gefe ɗaya sai ya fito ya kwanta a ƙasa ƙarƙashin dabino, ya huta, ya koma. Wannan karon ba ƙura ba tabo. Aka zo da babbar mota aka ɗora jar motar a baya aka lulluɓe, aka tafi da ita. Ko sau ɗaya bai taɓa zama a kujerar da na ɗinka an zaga da shi ba. Majid ya cika maganarsa, ya biya shi haƙƙinsa, ya yi mana huruj.

A keken marasa lafiya aka tura shi cikin filin jirgi. Ke kin yi ta kuka kina riƙe da hannunsa. Kai ka zo daga Yanbu a makare, ka sumbaci goshinsa kamar wanda aka aiko, ka ce Allah ya ba da lafiya, ka koma gefe kana duba waya. Mutumin da ya yi fiye da rabin rayuwarsa a Madina, wanda kullum addu'arsa a binne shi a Baƙi'a, ya leƙa ta tagar jirgi har duwatsun garin suka ɓace.

A gidan ƙaninsa a Kurna muka sauka, ɗaki ɗaya. Ya yi damina ɗaya a can, yawancinta a zaune, don in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Ranar da zai rasu, da hantsi, yayarka ta turo hotonka a waya, kana sanye da kayan aiki da hular kwano. Na kai masa kusa da fuska. Ya daɗe yana kallo, yana jan iska da ƙyar, sannan ya yi mini alama in matso.

"Bilki, aikin nasa... a fili suke yi, ko a rufaffen ɗaki?"

Ban sani ba, Usman. Ba ka taɓa gaya mana komai a kan aikinka ba. Na dubi hoton, bango ne kawai a bayanka. Na ce masa a fili ne, Malam, a bakin teku, iska ta ko'ina.

"To madalla," ya ce, ya saki wayar.

Bai kai azahar ba. Har yau da nake rubuta wannan ban san ko gaskiya na gaya masa ba.